Motar da ba direba ba za ta raba cunkoson Circle ba

Tun da mutanenmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra suka ji ina zaune a Finiks, jihar Arizona ta Amurka, tambayarsu ɗaya ce: wai da gaske akwai tasi da ke yawo ba kowa a bakin sitiyari? Da gaske ne. Kamfanin Waymo, ɗan gida ɗaya da Google, ya buɗe wa kowa wannan hidima a nan tun watan Oktoba na 2020. Ka kira ta a waya, ta zo ta tsaya, ka shiga baya, ta kai ka. Ta lantarki ce, ba hayaƙi. Ba ta gyangyaɗi, ba ta amsa waya a kan hanya, ba ta faɗa da kowa a kan canji. Wannan kam ba zan rage mata ba. Amma in Accra za ta kashe kuɗi a kan sufuri, ni a ganina wannan mota ba ta cikin abubuwan farko.

Finiks gari ne a hamada, titunansa miƙaƙƙu masu faɗi, ruwan sama kaɗan ne. Motar tana dogara ga taswirar da aka auna kowane lungu, da fentin titi, da fitilun mahaɗa, da kyamarori da na'urorin auna nisa da ke jikinta. To a kawo ta babban titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa. Ga mai baro da buhunan albasa, ga 'yar kayayo da kaya a ka, ga ɗan okada ya kutso ta dama, ga trotro, ƙaramar bas ta haya, ta ci birki don wata Hajiya ta ɗaga hannu. Titinmu da ido da hannu yake tafiya. Yaron mota ya juya yatsa, kowa ya san Circle, babbar mahaɗar Kwame Nkrumah, za shi. Direba ya kalli tsohuwa ya gyaɗa kai, ta san ta samu izinin tsallakawa.

A Maris na 2018, a Tempe, nan kusa da mu, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tura kekenta da dare. Masu bincike na gwamnati sun gano cewa motar ta hango ta da 'yan daƙiƙu, amma ta kasa tantance cewa mutum ce, don ba a tsara ta da sanin cewa mutum zai iya tsallaka inda ba a zana masa ba. A cikin wannan shekarar ne mutanen Adenta, a gefen Accra, suka tare hanyar Madina da tayoyi masu cin wuta, bayan mota ta sake kashe wata ɗaliba, alhali gadojin ƙafa na nan an bar su ba a ƙarasa ba. Garin da mai tafiya a ƙasa bai samu wurin tsallakawa ba tukuna, da wane titi zai karɓi irin wannan baƙuwa?

Ko da na'urar ta koyi halinmu tsaf, akwai abin da ba za ta iya ba. Cunkoson Accra na rashin fili ne. Trotro ɗaya tana kwashe mutum goma sha wani abu zuwa ashirin. Tasi marar direba tana ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, ta sauke, ta ci gaba da yawo wayam tana neman wani. A raba fasinjojin trotro ɗaya cikin irin waɗannan motoci, a jera su daga Kaneshie, a gani ko gadar saman Circle da aka buɗe a 2016 za ta ɗauke su. A shekarar ce ma aka kawo bas-bas na Aayalolo daga Amasaman zuwa Tudu. Motoci ne masu kyau, amma ba a keɓe musu layinsu kaɗai ba sai a 'yan wurare, sai suka shiga cunkoson da kowa ke ciki, mutane suka koma trotro. Ba direba ne ya kayar da su ba.

Sai maganar alhaki, wadda ta fi damuna. Yau in trotro ta buge yaro a Mamobi, akwai direba, akwai mai mota, akwai shugaban tasha na ƙungiyar direbobi ta GPRTU, akwai inshora. Dattawa su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. A Oktoban 2023 mota marar direba ta kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa a San Faransisko, bayan wata mota mai direba ta wurgo ta gabanta. Cikin wata guda hukumar Kalifoniya ta janye lasisinsu, a ƙarshen 2024 kuma General Motors, uwar kamfanin Cruise, ta daina zuba kuɗi a harkar. An iya yin haka ne don doka ta riga motar zuwa, kuma hukuma na da ikon cewa a miƙo bayanan da ke cikinta. Kafin ko ɗaya ta taka titin Accra, majalisa ta rubuta wanda zai amsa tuhuma da wanda zai biya diyya, kamfanin kuma ya kasance yana da ofishi da dukiya a Ghana inda kotu za ta same shi.

Ba wai muna gudun sabon abu ba ne. Tun 2019 jirage marasa matuƙi na Zipline ke kai jini da magani asibitocin karkarar Ghana, don a sama ba kasuwa, ba okada. A ƙasa ma akwai inda abin zai dace: cikin tashar jiragen ruwa ta Tema, ko kan layin bas da aka katange shi. Amma layin sai an gina shi tukuna, a sa masa manyan bas na lantarki, a fara ba direbobin trotro da yaransu aikin, tunda su suka san inda mutane ke hawa da inda suke sauka.