Na'urar Ba Madubin Likita Ba Ce

Ɗalibai da dama a Katsina suna ɗauka cewa na'urar da ke gano haɗuwar furotin da furotin ta hanyar haske tana hango su ne kamar madubin likita. Ba haka ba ne. Farin haske ake turawa ta siririn zaren gilashi, ya dawo daga shimfiɗu biyu a bakinsa, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje mai ɗauke da furotin, hasken da ya dawo daga su biyun ya cakuɗu kamar launukan da man inji ke fitarwa a kan ruwan damina a Ƙofar Ƙaura. Idan furotin ya manne wa abokinsa, kaurin shimfiɗar ta waje yana ƙaruwa da 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), launukan su gusa. Wannan gusawar ake aunawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, ko rini ba a sa wa samfurin.