Zazzaɓin Ranar Wasan Wikki

Tunda dai Auta ya riga ya saki hoton a guruf, har na ga wasunku sun mai da shi sitika, gara in faɗi yadda aka yi da bakina kafin a ƙara masa gishiri da magi.

Lahadi ce. Akwai walimar sauka a gidan surukaina bayan la'asar, akwai kuma wasan Wikki, ƙungiyar ƙwallonmu ta Bauchi, ƙarfe huɗu. Na Pantami, abokina na Gombe, ya bugo tun Juma'a wai zai hau Gombe Line ya zo mu shiga tare. Na auna, na sake aunawa, na ce wa maman yara zazzaɓi nake ji. Ta dafa goshina, ta yi mini kallon nan nata, ba ta ce uffan ba, ta kwashi yara suka wuce. Ba a yi awa ba surukina Baba Alhaji ya bugo da kansa, sannu, Allah ya sa kaffara ne, a samu ganyen darbejiya a yi sirace. Ina amsawa da muryar mai jinya, ɗaya hannun yana goge jesi.

Kun san Na Pantami. Tun daga Alkaleri yake turo mini saƙo, kafin ya tsallake gadar Dindima ya zagi titinmu sau uku. Yana sauka a tasha ko gaisawa ba mu gama ba ya ce wai garinku har yanzu tono ake? Na ce masa yaro, a 1996 muka yaye ku, kafin nan ko takardar zama ɗan jiha kake nema sai ka zo Bauchi ka bi layi. Ya ce to ai ga shi mun wuce ku. Na ce a ina? Mu muna da kofin ƙalubale na 1998 a ajiye, a 2016 mun zo na uku a gasar ƙasa, Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo a shekarar, har wasan Afirka muka buga. Ya ce to a 2023 wa ya faɗo rukuni na biyu? Na ce mu ne, kuma da shekara ta zagayo wa ya biyo mu da tabarmarsa? Ya yi shiru. Wannan ita ce nasara ta ƙarshe da na samu a ranar, shi ya sa na tsaya na rubuta ta dalla-dalla.

Muka ci masa da miya a tsaitsaye, ya ci takwas yana cewa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Uku da rabi muka tari keke. Da ma da achaba ne da tuni mun isa, amma mutumin ya ce shi ba zai hau babur da sabuwar shaddarsa ba. Mai keke ya yanka mana kuɗi, na ce haba, ya ce Oga ka je gidan mai ka tambaya, tun da aka cire tallafi keken nan ba ruwa yake sha ba. Na miƙa masa dubu ɗaya tun kafin mu tashi, don in nuna wa baƙo mu ba matsiyata ba ne. Ya ce canji in an sauka. Ku riƙe wannan.

A cikin keken akwai wata iya da kwandon tumatir a cinya. Zan dawo kanta.

Ba mu yi nisa ba muka cimma gosulo. Masu zama a gari kun san yadda Wunti ta koma lokacin aikin gadar sama: an toshe nan, an karkatar da can, ƙura ta ko'ina, kowa ya zama direban kansa da ɗan sandan kansa. Filin Tafawa Ɓalewa ga shi can kamar ka miƙa hannu, har muna jiyo ganguna, amma keke ko motsi. Na Pantami ya gyara hula ya ce a Gombe da yanzu an yi rabin lokaci muna zaune a inuwa. Nan ne shaiɗan ya hau ni. Na dafa kafaɗar mai keke na ce juya, ni ɗan cikin ganuwa ne, a lungunan nan aka yanke cibiyata, zan fitar da kai ta bayan fili cikin minti biyar. Ya ce Oga an yi tonon magudanar ruwa a ciki fa. Na ce kai dai tuƙa.

Iya ta ce, "Ɗan nan, hanyar nan ba ta ɓullewa."

Na ce, "Iya, ki bar wa maza."

Ki bar wa maza. Da bakina na faɗa.

Lungu na farko yashi aka jibge, tifa guda. Na biyu an haƙa rami daga bango zuwa bango an ɗora katako ɗaya. Na ce dama, ya yi dama. Na ce hagu, ya yi hagu. Shagon telan da nake kwatance da shi ashe an rushe shi an yi gidan sama da shagunan caji, bishiyar durumin da na sani kuma babu ko kututturenta. Na fara zufa amma ban daina ba da umarni ba, don wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a sakar masa ƙota, kuma duk sun sakar mini. Can muka faɗa wani siririn lungu da ruwan kwata ya jiƙa jar ƙasar da aka tono, tayar baya ta hagu ta nutse har rabi. Keke ya karkace. Tumatir uku suka gangara. Iya ta bi su da ido, sannan ta dawo da idon kaina.

Mai keke ya ce sai an tura. Na Pantami ya nuna shaddarsa. To wa ya rage? Na sauka. Ga shigar da nake ciki, don waɗanda hoton bai nuna musu ƙasa ba: jesi, gajeren wando iya gwiwa, silifas, da bubuzela rataye a wuya da igiyar takalmi. Taku na biyu laka ta haɗiye silifas ɗin dama. Na sa kafaɗa, mai keke ya ba shi wuta, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana yi mini feshi daga ƙirji har goshi. Sai ga shi ya fizge gaba ɗaya, ni kuma ban saki ba, na bi shi a guje ina turawa, ƙafa ɗaya ba takalmi, kaina a sunkuye, ina ihu, "Ba shi! Ba shi wuta!" Muka sha kwana.

Sai na ji keke ya tsaya cak. Sai na ji shiru. Irin shirun da ake yi idan liman ya yi mantuwa.

Na ɗago. Rumfuna biyu. Fararen kujerun roba. Tabarmi. Dattawa cikin manyan riguna an idar da la'asar ana zazzaune. Allo mai zayyana jingine a kan tebur. Koren ƙyauren da na yi shekara biyu ina tsayuwa a gabansa lokacin zance. Ni ban taɓa shigowa layin nan ta baya ba, wallahi ban san lungun yana ɓullowa nan ba. Shekara tara ina zuwa ta bakin titi kamar mutumin kirki.

Baba Alhaji yana kujerar tsakiya, tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

Jama'a, a irin wannan lokaci ƙwaƙwalwa takan kawo shawarwari. Ta ce gudu. Ta ce faɗi ka suma, da ma an san ba ka da lafiya. Ta ce yi kamar kai yaron mai keke ne. Amma jiki ya riga ya saba, kafin in zaɓa gwiwoyina sun kai ƙasa. Na durƙusa a tsakiyar layi, na cire silifas ɗin da ya rage saboda ladabi, na ajiye shi a gefe shi kaɗai kamar maraya. Ina sunkuyawa bubuzela ta daki ƙasa ta yi ƙwas.

"Baba, barkanku da yamma."

"Barka kadai, Malam. Ya jikin?"

Ya jikin. Ba da gatse ba, ba da murmushi ba, yadda ake tambayar mutumin da ke kwance a gadon asibiti. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai na gani. Sauƙi ya samu sosai."

Wani dattijo a gefe ya yi tari, irin tarin da ba na maƙogwaro ba. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai bakina ya ci gaba shi kaɗai. Na ce, "Da ma kemis za ni." Kemis. Da bubuzela. Baba Alhaji ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, to. Wannan na wuyan naka, na shan maganin ne?"

Ban san me na amsa ba. Auta ya ce wai cewa na yi "na yara ne", kuma na yarda, don daidai nan ƙaramin ɗana ya fito daga cikin gida a guje yana "Abba ya warke! Abba ya warke!", ya kama bubuzelar tana wuyana ya busa ta da duk ƙarfinsa. A kunnena. A gaban malamin da ya zo yin addu'a. Mata suka leƙo ta zaure. A cikinsu na hango maman yara, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Har yau tana rantsuwa wai kuka take.

Yanzu iya. Ni da matar nan ban taɓa ganinta ba, ban ci mata bashi ba, tumatir uku ne kawai tsakaninmu kuma na ce zan biya. Ba wanda ya tambaye ta. Ta sauko da kwandonta, ta gyara zani, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya kamar da ita aka shirya walimar, sannan ta ce, "Alhaji, ɗanku ne? Ai tun daga tasha yake cewa a yi sauri kar a fara ƙwallo. Na ce masa hanya ba ta ɓullewa, ya ce in bar wa maza." Ta juyo ta dube ni a durƙushe. "To ga maza nan."

Aka ba ta kujera. Aka kawo mata shinkafa da lemo. Ina durƙushe tana cin nama. Daga baya na ji har ƙullin alkaki aka yi mata, kuma wai ta karɓi lambar surukata, yanzu ita ke kai musu kayan miya daga kasuwar Muda Lawal. Wato matar ta shiga dangi ta kaina. Ranar Talata na hango ta a bakin kasuwa, na tsallaka titi, ta ɗaga murya daga can, "Maza, ya jiki?" Masu lemo suna ta waige.

Na Pantami kuwa, munafuki, ya sauko fes da shaddarsa ba ɗigon laka, ya tube takalmi ya gaida Baba Alhaji da hannu biyu, ya ce shi baƙo ne daga Gombe, ya zo duba ni ne da ya ji ba ni da lafiya. Aka ce Allah sarki, mutanen Gombe akwai zumunci. Aka zaunar da shi kusa da liman.

Ni aka ce Auta ya kai ni baya in wanke jiki. A can ya ɗauki hoto na biyu, wanda bai saki ba tukuna, yana ta yi mini ciniki da shi. Aka ba ni aron wata jallabiyar Baba Alhaji da ta tsaya mini a ƙwauri, na dawo na zauna a ƙarshen tabarma ina amsa "amin" da ƙarfi fiye da kowa. Daga inda muke ana jiyo filin wasa sarai. Sau biyu aka yi wata irin sowa, duk jikina ya motsa, Baba Alhaji ya waigo ya ce, "Sanyin ne yake dawowa?" Na ce a'a.

Mai keke ban san lokacin da ya sulale ba. Canjina ɗari huɗu. Keken rawaya ne, da sitikar wani malami a gilashin baya, an rubuta "Haƙuri Maganin Zaman Duniya" a jikin tamfol. Na san kekuna dubu ne masu wannan rubutun, amma nasa madubin dama ɗaure yake da roba. Wanda ya gan shi ya ce masa ba kuɗin ne ya dame ni ba.

Washegari da sassafe aka yi sallama, yaro ne da buhu. Ganyen darbejiya, cike, wai in ji Baba a ci gaba da sirace kar ya dawo. Maman yara ta dafa, ta tsaya a kaina da bargo sai da na yi.

Jallabiyar tana nan ban mayar ba, don ban san da wace fuska zan kai ta ba. Silifas ɗin dama kuma Auta ya ce yaran layin sun tono shi, da shi suke yin gola. Na hagun yana wurina in akwai mai so.