Madigadin Alhaji Ya Ƙi Zama

(A gareji. Wata tsohuwar Ford Model A tana tsaye ba madigadi ko ɗaya a gabanta. Alhaji ya shigo, Yaro na biye da shi da kwali a ka.)

ALHAJI: Oga, ga biraket ɗin nan sun iso, sababbi fil daga Amurka. Yau a ɗaura madigadi, gobe in fita da ita mutane su sha kallo.

OGA: Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Na wace shekara ka saya?

ALHAJI: Na tsohuwar mota mana.

OGA: Ranka ya daɗe, ni ma tsoho ne, amma hular kakana ba ta shiga kaina. Model A daga ƙarshen 1927 zuwa 1931 aka yi ta, kuma a 1930 kamfanin ya sake mata jiki. Madigadi ya canza, ƙarfen da ke riƙe shi ma ya canza.

ALHAJI: To ai na yi bincike. Lambar inji na duba, 1929 ce. Na 1929 na sayo.

OGA: Kai Yaro, karanta mana abin da ke jikin tayar nan.

YARO: Oga, an rubuta 4.75, sai kuma 19.

OGA: Ka ji. Ta 1928 da 1929 tayarta inci 21 ce. Inci 19 sai daga 1930.

ALHAJI: Taya ai ana canzawa.

OGA: Gaskiyarka. Inji fa, an hana canza shi ne? Motar da ta haura shekara 90 a duniya, Allah kaɗai ya san hannun da bai taɓa ta ba. Dubi murfin lagiretonta, dogo ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na 1929 bai kai shi tsawo ba, kuma ruwan nikal aka shafa masa. Jikin nan na 1930 ne zuwa sama, injin ne baƙo. In kana son lambar asali tana kan shasi ta ɓangaren hagu, sai dai bodi ya zauna a kanta.

ALHAJI: Wato inji ya yi min ƙarya.

OGA: Bai yi ƙarya ba. Shekarunsa ya faɗa, kai kuma na madigadi kake nema.

(Mai Walda ya leƙo, tabarau a goshi.)

MAI WALDA: Na ji an ce wani abu bai shiga ba?

OGA: Ba wanda ya kira ka.

MAI WALDA: Alhaji, a ba ni minti goma. Ni a wurina babu ƙarfen da ba ya jituwa da ɗan'uwansa. In ya yi tsawo a yanke, in ya yi gajarta a ƙara, in ya yi gardama a sa masa wuta.

ALHAJI: Ka ji mai son ci gaba!

OGA: Ci gaban mai haƙar rijiya. Alhaji, biraket ɗin gaba ba madigadi kaɗai yake ɗauke da shi ba. Sandar fitilu a kansa ake ɗaure ta, notinta ya ratsa madigadi ya kama shi. In ya karkace ko da rabin inci ne, fitila ɗaya tana haska titi, ɗayar tana neman tsuntsu a bishiya. Sannan madigadin da aka matsa da ƙarfin tsiya ba ya yafewa. Tun ana jin ƙara-ƙara a gargada, har wata rana ka ga ya tsage daga bakin rami.

YARO: Oga, biraket ɗin nan fa su biyu kamar tagwaye suke.

OGA: Ai dole su yi kama.

YARO: A'a, duk gefe ɗaya suka lanƙwasa.

(Oga ya jera su a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.)

OGA: Alhaji, duk na dama ne.

ALHAJI: Ba zai yiwu ba! Ɗaya bayan ɗaya na yi odarsu, da natsuwa. Ranar farko ina zaune a cikin mota, na dubi damana, na ce a turo na dama.

OGA: Daidai. Haka ake lissafi, daga kujerar direba.

ALHAJI: Washegari ina tsaye a gabanta, na dubi gefen da ya rage, shi ma ga shi a damana.

MAI WALDA: Wannan ai ba matsala ba ce. A gasa ɗaya a murɗe shi, ya koma bahago.

OGA: Kai dai wuta! Yaro, me kake murzawa a can?

YARO: Noti nake gwadawa a ramin shasi, Oga. Ya shiga zagaye biyu ya cije. In kawo guduma?

OGA: Ka kawo gudumar in fara da kai. Wannan notin milimita ne, motar kuwa da inci aka ƙera ta. Ka ƙara zagaye ɗaya ka cinye haƙoran. Alhaji, ina madigadin suke? A kawo mu gwada.

ALHAJI: Suna gida a lulluɓe da bargo. An gama musu fenti, baƙi wuluk, har kana ganin fuskarka.

OGA: Innalillahi. Wa ya ce a yi fenti?

ALHAJI: Mai fenti.

OGA: Ai shi ko ni na tsaya kusa da shi sai ya fesa ni. Tun ƙarfe na tsirara ake gwaji. A ɗora biraket, a ɗora madigadi da matakala da sandar fitilu, kowane noti a bar shi sako-sako. A ja da baya a duba ko gefe biyu sun yi daidai, don shasin ma kan lotsa da tsufa, sababbin kayan da ake ƙerawa yanzu kuma ba duka ke zama cif ba. Sai komai ya zauna a kwance, a yi fenti, a mayar, da ɗan zirin nan da ake sawa tsakanin madigadi da bodi kada su ci juna.

ALHAJI: To yanzu ina mafita?

OGA: Da sauƙi. Biraket ɗinta na asali guda ɗaya ya tsira, na hagu, tsatsa ce kawai a jikinsa. Shi ne shaida. Mu auna tsawonsa da tazarar ramukansa, mu ga ko dunƙulallen ƙarfen ƙira ne irin na farko ko na falle da aka koma yi daga baya, sai ka sayo abokinsa. Yaro, ɗauko shi a ƙarƙashin benci.

YARO: Oga... Mai Walda ya ɗauka.

OGA: Yaushe?

YARO: Lokacin da kake bayanin fenti.

(Ƙarar injin yanka ta tashi daga baya, sai walƙiya. Can Mai Walda ya fito yana hura wani ƙarfe da ke hayaƙi.)

MAI WALDA: Alhaji, an gama! Na yanke kan tsohon, na haɗa da gindin sabon.

ALHAJI: Masha Allah! To shi wannan na wace shekara ne?

MAI WALDA: Daga nan zuwa nan 1929, daga nan zuwa sama 1930.

OGA: Na hagu ne ko na dama?

MAI WALDA: Ya danganta da inda Alhaji ya tsaya.