A Amurka, rashin bashi ba ya saya maka gida

A gida idan aka ce ba a bin wane ko sisi, yabo ne. Mutum ya sayi fili ya kewaye, bana ya zuba harsashi, baɗi ya kai linta, wata shekarar ya yi rufi, ya tare da iyalinsa ko da ba a gama shafe ba. Ginin zai ci shekaru, amma ranar da ya shiga babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da wannan tarbiyyar yawancinmu muka iso Amurka, kuma ita ce take fara ba mu wahala ranar da muka ce mun gaji da haya.

A nan yawancin mutane da lamunin banki suke sayen gida, galibi na shekara 30, kuma bankin bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, babu mai unguwar da zai tsaya maka. Abin da ya sani shi ne tarihin bashinka, wanda kamfanoni uku suke ajiyewa: Equifax da Experian da TransUnion. Daga tarihin ake fitar da makin kiredit, mafi shahara shi ne na FICO, wanda ke tashi daga 300 zuwa 850. Wanda bai taɓa cin bashi ba, ba maki mai kyau gare shi ba, ba shi da maki ne sam. Na ga masu aiki mai kyau da ajiya mai kauri, mutanen da ko allura ka ba su ajiya za ka same ta, amma ma'aikacin banki ya duba kwamfuta ya ce bai ga komai a kansu ba.

Ba na cewa tsarin ya fi namu adalci. Wanda ya shekara goma yana biyan haya a kan lokaci yana iya tarar da ba a rubuta masa ko wata ɗaya ba, alhali katin bashin da wani ya sayi takalmi da shi yana ƙara masa maki. Sai dai ƙorafi ba ya sauya lissafin. Kashi 35 cikin ɗari na makin FICO biyan bashi a kan lokaci ne, kashi 30 yawan abin da ake bin ka, kashi 15 daɗewar tarihinka, ragowar kuma sabon bashi da ire-iren bashin da ka riƙe. Wannan kashi 15 ɗin shi ne abin da kuɗi ba ya saya, dole sai lokaci. Shi ya sa nake ce wa duk sabon zuwa ya fara tun bai yi tunanin gida ba. Ya buɗe katin da ake ba da jingina kafin a karɓa, ya riƙa zuba mai ko biyan kuɗin waya da shi, ya biya duka kafin wa'adi. Mai biya duka kowane wata ba a ɗora masa ruwa. Malamai sun saɓa a kan riƙe katin kansa, wannan kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan ƙara kawai, har kamfanonin da ke sayar da gida ba da ruwa ba, irin su Guidance Residential da ke yin tarayya da mai saye yana fansar kasonsu a hankali, su ma suna duba makin. Gudun riba bai raba ka da wannan tarihin ba.

Najeriya ma fa tana da irin waɗannan kamfanoni, su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, har an yi musu doka a 2017. Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, inda ake cire kashi 2.5 na albashi, a ba da lamuni a kan ruwan kashi 6. Bambancin shi ne a gida mutum zai iya gina gida ya aurar da 'ya'yansa bai taɓa jin sunansu ba. A nan jinkirin da ya kai kwana 30 idan ya shiga rahotonka, shekara 7 zai yi yana bin ka.

Kuma bibiyar tana da farashi, domin idan maki ya yi ƙasa ruwan da banki zai ɗora yakan ƙaru. A ɗauki lamunin dala 300,000 na shekara 30. A kan ruwan kashi 6, biyan wata yana kusan dala 1,800. A kan kashi 7, yana kusan 2,000. Tazarar ba ta da yawa a ido, amma kafin a gama ta haura dala 70,000, a kan gida ɗaya, titi ɗaya. Don haka kafin ka kira dillali, ka fara karɓo rahotonka daga kamfanonin uku. Kyauta ne a shafin AnnualCreditReport.com, kuma duba naka ba ya rage maki. Mu masu sunaye masu maimaituwa, Muhammad da Abubakar da Ibrahim, wani an rubuta shi iri uku a takardu uku, mu ya fi kamata mu karanta layi-layi, don bashin wani yana iya faɗowa cikin naka. Doka ta ba ka damar ƙalubalanta, amma gyaran yakan ci makonni, ba abin da za a fara ba ne bayan an ga gidan da ake so.

Inda nake ganin tarbiyyarmu ta fi tasu shi ne bayan banki ya amince. Za a ba ka takarda cewa za a iya ranta maka har kaza, dillali kuma ya fara nuna maka gidajen da suka kai wannan kazan cif. Adadin nan iyakar abin da banki zai iya kasada da shi ne a kanka, ba abin da za ka biya ka yi barci ba. Bankin bai san kana aika wa iyaye kuɗi duk wata ba, bai san ƙannen da kake biya wa makaranta ba, bai lissafa tikitin zuwa gida idan an yi rasuwa ba. Babu ɗayansu a rahoto, amma duk suna fita daga albashin nan guda. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma ba kowane ciki ne ke ɗaukar kowane ba.

Sannan biyan wata ba lamunin kaɗai ba ne. Akwai harajin gida, wanda a jihohi irin su Texas da New Jersey yana da nauyi, kuma ba ya ƙarewa ko ka gama biyan banki. Akwai inshora. Idan kafin alƙalamin da ka bayar bai kai kashi 20 ba, akwai wata inshorar da kai za ka biya amma banki take karewa. Lamunin FHA, wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, yana karɓar kafin alƙalami na kashi 3.5 daga mai maki 580, sauƙi ne, amma shi ma da tasa inshorar. Wasu unguwannin suna da kuɗin ƙungiyar masu gidaje. Ranar sa hannu kuma akwai kuɗin kammala ciniki, kashi 2 zuwa 5 na lamunin.

Wajen duba gidan kansa, a gida tsoronmu fili mai masu shi biyu, shi ya sa ake bin takardar mallaka har ma'aikatar filaye. A nan akwai kamfanin da ke binciken wannan. Abin tsoron yana bayan fenti. Gidajen galibi na katako ne, sabon fenti da fitilu masu kyau suna rufe abubuwa da yawa. Ka sauka ɗakin ƙasa ka shaƙi iskarsa, ka duba ko akwai layin da ruwa ya bari a bango. Ka tambayi shekarun rufi da na na'urar ɗumama gida. Gidan da aka gina kafin 1978 yana iya samun fenti mai dalma, mai ƙananan yara kada ya yi wasa da wannan. Ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, don inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Idan kasuwa ta yi zafi za a ce ka yafe kawo mai duba gini don tayinka ya yi nasara. Ni dai gara gidan ya wuce ni. Takardar yarjejeniyar da dillali zai ba ka kafin ya fara zagayawa da kai, wadda ta zama dole tun Agustan 2024, ka karanta wurin la'ada da kyau, ana ciniki a kanta.

Daga ranar da aka karɓi tayinka zuwa ranar miƙa makulli, kada ka taɓa komai. Kada ka ɗauki mota bashi, kada ka buɗe katin kantin kujeru don an ce akwai rangwame, kada ka sauya aiki idan da hali. Banki yakan sake duba rahotonka dab da sa hannu. Idan wani ɗan'uwa zai taimaka da kuɗi, ya turo da wuri, da takardar da ke nuna kyauta ce ba rance ba, domin za a nemi bayanan asusunka na wata biyu, kuma duk kuɗi mai yawa da ya shigo sai ka faɗi daga ina yake.