Na kai baƙuwa ganin Kano, na dawo da kunya

Gwaggona ta zo daga Damagaram ranar Alhamis, rabonta da Kano tun ina goye. Abu uku ta roƙa: ta hau Dala, ta shiga Kurmi, ta saya wa jikokinta rigunan sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai kafin hunturu ya kankama. Na yi ta yi mata kirarin garinmu, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take.

Ba sai na gaya muku yadda shiga kasuwar take ba. Kwata ta toshe, mai kura yana bangaje ka, ɗan adaidaita ya gindaya a tsakiyar hanya. Duk mun jure. Muka tsaya gaban wani matashi da ya fasa sabuwar dila, ya zube rigunan yara a kan buhu. Gwaggo ta yi sallama, bai amsa ba, yana ta danna waya. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta durƙusa, ta ɗaga wata jar riga, ta juya ta, sai ga huji a hammata, yatsa biyu za su shige.

"Ɗana, nawa wannan?"

"Dubu 8." Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ga huji nan fa. In ba ka dubu 4 ka sallama."

Kalma ɗaya ake bukata a nan, kalmar da kowane ɗan kasuwa ya taso ya ji a bakin ubangidansa: albarka. Shi kuwa sai ya miƙe, ya fizge rigar daga hannunta har zoben yatsanta ya maƙale a zare.

"Ke tsohuwa, in ba ki da kuɗi ki matsa. Kun zo kun hargitsa wa mutum kaya. Ko da sefa kika zo tayi?"

Ya ji harshenta ne, ya gane daga inda ta fito, ya mayar da shi abin gori. Na ce, "Haba ɗan'uwa, ta haife ka fa, kuma baƙuwa ce." Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ja tsaki.

"Kai ta haifa. Ni kasuwa na fito, ba gaisuwa ba."

Na kusa da shi suka kwashe da dariya. Wani dattijo mai furfura a rumfar gefe ya kau da kai kamar bai ji ba, kuma shirunsa ya fi zagin yi mini ciwo. Gwaggo ta dafa kafaɗata ta tashi, ta ce, "Mu je, Allah ya ba shi kasuwa."

Na san dila ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, ɗan gwanjo ma yana ji a jikinsa. To amma tsadar dalar Amurka ce ta cinye tarbiyya? Gwanjo kasuwar talaka ce, ɗagawa da dubawa da tayi su ne cinikin. Wanda ba ya son a taɓa masa kaya me ya kai shi shimfiɗa su a ƙasa?

Na ce bari in wanke mata zuciya da Dala. Tun daga gindin dutsen wari ya tare mu. Leda ko'ina, an yi bahaya a gefen matakala, ga wasu samari sun tare hanya sai an ba su na goro, babu rasit, babu mai nuna mana komai. Nan ne fa wajen Barbushe, jagoran mutanen Dala na dā, da gunkinsu Tsumburbura, inda labarin garin nan ya fara! Daga sama ta tambaye ni ina ganuwar da take jin labari. Me zan nuna mata? Katangar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900, an yanka ta filoti-filoti, inda ta tsira kuma an mayar da ita juji.

Ina hukuma take? Tun 2007 aka saka ganuwar nan da Dala da Kurmi a jerin wuraren da ake nema wa shiga kayan tarihin duniya na UNESCO. Gwamnati nawa aka yi tun daga lokacin? Kowacce ta zo sai jawabin bunƙasa yawon buɗe ido, amma banɗaki ɗaya mai tsafta ya gagara. Mai karɓar haraji ba ya makara a kasuwa, mai kwashe shara ne ba a gani. Shugabannin 'yan kasuwa kuwa sun iya karɓar kuɗin ƙungiya, tsawatar wa yaro mara kunya ne ba su iya ba. Mu ma da laifinmu, mu ne masu zubar da ledar, mu ne masu dariya idan an ci zarafin tsohuwa.

Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, da marinar Ƙofar Mata, duk ba mu je ba. Da muka sauko Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo, a kai ta gida. Ranar Asabar na raka ta tasha, babu rigar sanyi ko ɗaya a jakarta.