Zoben kabon shida da ke cikin maganinmu da man babur ɗinmu

Ɗaliban sakandare a Marwa da Garwa suna haddace alamar Ar, wadda ke nufin zoben kabon da ake kira aril, saboda jarrabawar bakaloriya, su zana zobe mai kusurwa shida a allo, da an gama jarrabawa su manta. Abin yana damuna, domin a duk darasin kimiyyar sinadarai da wuya a sami abin da ya shiga rayuwar mutanen arewacin Kamaru kamar wannan zoben.

Tushensa benzin ne, wanda Michael Faraday ya gano a 1825: kabon shida da haidirojin shida. A 1865 August Kekulé ya bayyana cewa kabon ɗin a zobe suke. Akwai ƙwayoyin lantarki (ilektaron) shida da babu kabon ɗin da ya mallake su shi kaɗai, duk zoben ne ke tarayya a kansu, kamar mutum shida a kan akushi ɗaya. Wannan tarayya ita ta sa zoben yake da wuyar fashewa. Idan aka cire haidirojin guda, gurbin da ya bari yakan kama wani abu, to wannan zobe mai gurbi shi ake kira aril. Mafi sauƙinsa fenil, sai tolil da naftil.

Abin da ya kamata malami ya tsaya a kai shi ne, zoben shi kaɗai ba ya nuna ko abu magani ne ko guba. Abin da aka maƙala masa, da inda aka maƙala, su ke yanke hukunci. Benzin tsagwaronsa yana jawo sankarar jini, kuma yana cikin fetur. Yaron da ke zuƙo zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da bakinsa ta tiyo daga jarka zuwa kwalba a bakin titi, shi yake shaƙa tun safe har dare. A ɗora kabon ɗaya da haidirojin uku a kan zoben, ya zama toluwin, wanda ke bugar da masu shaƙar sholisho. A ɗora masa wasu abubuwa biyu suna fuskantar juna, ya zama farasitamol da uwa ke ba ɗanta idan zazzaɓi ya kama shi. Shi ma farasitamol ɗin, a wuce ƙa'ida, hanta yake lalatawa. Shuɗin baba na marina ma zobba irin waɗannan ne a cikinsa.

Labarin tiramol, wato tiramadol, maganin rage zafin ciwo, ya isa hujja. A 2013 wasu masu bincike suka wallafa cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya daga arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itace na yin maganin da kamfani ke haɗawa. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Michael Spiteller na Dortmund a Jamus ta nuna cewa ba itacen ke yi ba. Mutane ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, sai ya fita ta fitsari da kashi ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta tsotsa. Daga baya awon kabon 14, wanda ke bambance abin da tsiro ya yi da wanda aka haɗa daga man fetur, ya tabbatar da cewa na masana'anta ne. Wannan a yankinmu ya faru, a gonakinmu, amma ɗalibi nawa aka taɓa zana wa tiramadol a allo aka nuna masa aril ɗin da ke jikinsa?

Wasu malamai za su ce manhaja ta cika, ga ajin da ya yi cunkoso, ga rashin ɗakin gwaji. Gaskiya ne, kuma ban raina wahalarsu ba. Sai dai abin da nake nema ba ya buƙatar na'ura. Kwalin magani daga kemis, guntun shuɗin yadi da alli sun isa. Wanda ya ga zobe ɗaya a cikin maganin zazzaɓi da kuma fetur zai daina raba duniya gida biyu, wai ganye lafiya ne, sinadari kuwa cuta.

Harkar kuma tana da gaba ga mai son zurfafawa. Kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2010 ta tafi ga Richard Heck da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki, saboda hanyoyin haɗa kabon da kabon ta amfani da ƙarfen faladiyam, waɗanda kamfanonin magani ke dogaro da su wajen ɗaura aril a jikin wani sinadari. Muna da jami'a a Ngaundare da Marwa da Garwa. Ya kamata a ce ɗalibansu ne ke auna ruwan rijiyoyinmu da saiwoyin da masu maganin gargajiya ke sayarwa a kasuwa, su faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa da Fulatanci.