Ahmed Musa tsakanin mudun Leicester da mudun Kano

Duk Bahaushen da ya zauna a birnin Leicester na Ingila, kamar yadda nake zaune, zai lura cewa sunan Ahmed Musa ba ya da nauyin da muka san shi da shi a gida. Idan hira ta biyo ta kansa a tsakanin magoya bayan ƙungiyar garin, abin da suke tunawa shi ne ɗan wasan da aka saya da tsada a bazarar 2016, ya yi gudu kamar ba za a kamo shi ba, amma ƙwallo ta ƙi shiga raga. A Kano da Jos da Kaduna kuwa, mutum zai daɗe yana nema kafin ya sami wanda zai yarda a ce Musa ya taɓa gazawa a wani wuri. Na ga mutanen biyu kowa da mudunsa yake awo, kuma ra'ayina shi ne hukuncin Ingila gaskiya ne a kan zamansa na Ingila kaɗai, kuskuren da muke yi shi ne da muka bari gasar Firimiya ta zama ita ce alƙalin darajar kowane ɗan wasanmu.

Ya kamata a ba mutanen Leicester haƙƙinsu. Ƙungiyarsu ta ɗauki kofin Firimiya a kakar 2015 zuwa 2016, abin da ba wanda ya zata, sai ta biya CSKA Mosko sama da fam miliyan 16 a kan Musa, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ɗaya ba kafin lokacin. Bai yi wata guda da zuwa ba ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fagen kaka, mutane suka ɗauka an samo wa ɗan wasan gaban ƙungiyar, Jamie Vardy, abokin gudu. Da aka shiga gasa ta gaske, ƙwallo biyu kacal ya ci a Firimiya, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ragar Tottenham, sai wasu biyu da ya fitar da Everton da su daga kofin FA a watan Janairun 2017. Wanda ya sayi tikiti da guminsa yana zuwa filin King Power duk mako biyu yana da ikon cewa haƙa ba ta cim ma ruwa ba.

Sai dai akwai abin da ba su cika faɗa ba, wato irin gidan da Musa ya tarar. N'Golo Kante, wanda shi ne yake ƙwato ƙwallo a tsakiya ya ba masu gudu damar kai farmaki, ya riga ya koma Chelsea a wannan bazarar. Ƙungiyoyin da a kakar da ta gabata suke buɗe bayansu suna raina Leicester sun koyi darasi, suka koma suna tsare gida, alhali ɗan wasa irin Musa ba ya cin abinci sai an bar masa fili a bayan masu tsaron baya. Ga shi kuma gurbin da ya fi dacewa da shi na Vardy ne, kuma ba kocin da zai ajiye Vardy a benci a wancan lokaci. Claudio Ranieri, kocin da ya kawo Musa, an sallame shi a watan Fabrairun 2017, waɗanda suka biyo baya kuma ba su da wani alkawari da shi. Wilfred Ndidi, da ya zo a watan Janairun wannan shekarar, ya tarar da gurbin Kante a buɗe, ya shige ya zauna shekaru, har suka ɗauki kofin FA a 2021 tare da Kelechi Iheanacho. Ba na jin ƙwazo kaɗai ne ya raba labarin Ndidi da na Musa.

Abin da ya fi damuna ba ra'ayin Turawa ba ne, namu ne. A gidajen kallon ƙwallo na gida yaro zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal da Chelsea har da na benci, amma ka tambaye shi abin da Musa ya yi a Rasha sai ya yi shiru. Alhali can ne ainihin aikinsa na ƙungiya yake. Daga Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana ɗan shekara 17, ya kafa tarihin da ba a taɓa kafawa ba a gasar Najeriya a lokacin, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, sannan CSKA ta ɗauke shi a farkon 2012. A ƙarƙashin koci Leonid Slutsky ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, kuma a kakarsa ta ƙarshe kafin ya taho Ingila ya ci ƙwallo 13 a gasar. Yaron da ya tashi a Jos, ya je ya yi fiye da shekara huɗu a sanyin Mosko yana riƙe da gurbinsa a ƙungiyar da ke buga gasar zakarun Turai, bai kamata wata 18 na zaman Leicester su shafe wannan ba. Daga baya ma ya ƙara da kofin gasar Saudiyya tare da Al-Nassr a 2019.

A rigar ƙasa kuwa ba a buƙatar dogon bayani. Yana cikin waɗanda Stephen Keshi ya ɗauki kofin nahiyar Afirka da su a 2013, har ya ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da aka doke Mali 4 da 1. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, Messi ya ci a minti na 3, Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci, Musa ya sake farkewa da dawowa, ko da yake Ajantina ce ta yi nasara 3 da 2. A gasar cin kofin duniya ta 2018, ana tsaka da ganin Leicester ta gama da shi har ta mayar da shi CSKA aro, ya ci Iceland biyu a birnin Volgograd na Rasha, ta farkon ma tarbe ƙwallon Victor Moses ya yi da ƙafa ya ɗirka ta kafin masu tsaron baya su farga. Ƙwallo huɗu ke nan a gasar duniya, ba ɗan Najeriyar da ya kai shi, kuma ya wuce Vincent Enyeama da Joseph Yobo a yawan wasannin da aka buga wa ƙasa. Bature mai goyon bayan Leicester ba ya sa wannan a lissafi, domin a nan ƙungiyar garinsu ce rayuwar mutum ta kowane mako, ƙungiyar ƙasa kuma sai lokaci zuwa lokaci. Mu kuwa ranar da Super Eagles ke wasa ce kusan ranar da Kano da Legas da Inugu suke son abu ɗaya.

Amma a nan ne nake ganin Turawan sun fi mu da abu guda, wato ba sa jin nauyin cewa ɗan wasa ya wuce lokacinsa. Mu idan muka so mutum, sai sukar wasansa ta zama kamar zagin yankinsa. Lokacin da aka tafi da Musa gasar nahiyar Afirka a Kodebuwa a farkon 2024, alhali ba ya samun wasa sosai a Sivasspor ta Turkiyya, masu cewa an ɗauke shi ne don dattaku da haɗa kan yara ba don ƙafarsa ba sun faɗi abin dubawa, kuma bai dace a mayar da maganar rigimar Arewa da Kudu ba. Ana iya girmama abin da ya yi a Volgograd kuma a yarda cewa gudun 2018 ba shi ne na 2024 ba.

Inda ya fi burge ni shi ne komawarsa Pillars, ta farko a 2021, ta biyu a 2024. 'Yan wasanmu da suka yi suna a Turai ba su cika yarda su dawo su hau doguwar hanyar mota zuwa Aba ko Akure don wasan gasar gida ba, shi kuwa ya dawo ya sa rigar Sai Masu Gida a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya jawo wa gasar idon da ta daɗe ba ta samu ba. A Leicester duk wasan da ya buga yana rubuce, da mintin da ya shiga da wanda ya fita, kuma bidiyon kowace ƙwallo yana nan ga mai nema. Ƙwallo 18 ɗin da ya ci wa Pillars yana yaro kuwa, waɗanda su ne suka buɗe masa ƙofar Turai, mafi yawansu sai dai a ji labarinsu a bakin waɗanda suke filin a ranar, kuma wannan gyara ne da ke wuyan masu gudanar da gasar Najeriya da ita kanta Pillars.